Gado, Kyauta da Waƙafi a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram: Abin da Ya Kamata Mai Ba da Shawara Ya Sani

Gabatarwa

Littattafan da ake karantar da lauyoyi da akantoci da su a kan tsara dukiya kafin mutuwa, galibinsu a Ingila ko Amurka aka wallafa su, kuma damuwarsu guda ce, watau yadda za a rage abin da hukuma za ta ɗauka ranar da mai dukiya ya kwanta dama. Suna da dalilinsu. A Ingila, abin da ya haura fam 325,000 na dukiyar mamaci ana cire masa kashi 40 cikin ɗari, in ban da inda doka ta yi rangwame, kuma kyautar da mutum ya yi da ransa ba ta kuɓuta sarai daga haraji sai ya ƙara shekara bakwai a duniya bayan ya yi ta. A Amurka ma kashi 40 ne mafi yawan abin da ake cirewa, ko da yake daga shekarar 2026 sai dukiya ta wuce dala miliyan 15 kafin Gwamnatin Tarayya ta taɓa ta.

Ɗalibin da ya haddace waɗannan ƙa'idodi, sa'an nan ya komo ya buɗe ofis a Birnin Kudu, ko kuwa aka tura shi aiki sakatariyar ƙaramar hukumar Gwaram, zai tarar ba nan gizo ke saƙar ba. Nijeriya ba ta da harajin gado. Amma duk da haka dukiyar mamata tana zagwanyewa a wannan yanki, wani lokaci fiye da kashi 40 ɗin da Turawa ke kuka da shi. Abin da ke cinye ta shi ne jinkirin rabo, da kyautar da ba a kammala ba, da jinginar da ba a rubuta ba, da gonar da aka yayyanka har ta kasa ciyar da kowa, da kuma shari'ar da magada za su shekara suna yi tsakanin Birnin Kudu da Dutse. Wannan lacca za ta duba dokoki uku da ke haɗuwa a kan dukiyar Musulmin wannan yanki: shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, da dokar filaye, da dokar haraji.

Hukuma da dukiyar mamaci

Sa hannun hukuma cikin gado tsohon al'amari ne a ƙasar Hausa. Cikin laifuffukan da Shehu Usman Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan zamaninsa a littafin Kitabul Farƙ, har da ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado. Bayan jihadi aka komar da rabon hannun alƙalai, su kuwa sukan cire ushira, watau ɗaya cikin goma, ladan aikin rabo. Da aka kafa Baitulmalin En'e a farkon zamanin Turawa, sai kuɗin kotu suka riƙa shiga can, alƙalai suka koma karɓar albashi. Birnin Kudu da Gwaram a lokacin gundumomi ne na masarautar Kano, kuma suna cikin Jihar Kano har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Saboda haka suna cikin ƙasar da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke wa haraji da jangali a 1979.

A wannan shekara ta 1979 ne kuma gwamnatin soja ta Janar Obasanjo, gab da saukarta, ta kafa dokar da ta ɗora haraji a kan dukiyar da ta sauya hannu, ko ta hanyar kyauta ko ta hanyar mutuwa. Naira 100,000 ta farko ba a taɓa ta, abin da ya ƙaru a kai kuwa ana cire masa daga kashi 10 har zuwa kashi 60 cikin ɗari. Jihohi aka ɗora wa karɓarsa, amma ƙalilan ne suka tsaya a kai, har aka soke shi a 1996. Zancen ya sake tasowa a ƙarshen 2024, sa'ad da aka kai sababbin ƙudurorin haraji gaban Majalisar Tarayya, jama'a da dama a Arewa suka fahimci cewa sashen da ya yi magana a kan kuɗin shigar iyali harajin gado ne aka sake wa riga. Kwamitin da Taiwo Oyedele ya shugabanta ya musanta haka. Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ba ta ɗora haraji a kan gado ba.

To, ina haraji yake shiga? Yana shiga ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce abin da dukiyar ke haifarwa. Idan mamaci ya bar shaguna a bakin titin Birnin Kudu ko rumbunan ajiya a kasuwar Sara, kuɗin hayarsu kuɗin shiga ne, ko an raba gadon ko ba a raba ba. Ta biyu ita ce ribar da za a samu idan magada suka sayar da kadara. A da ribar nan tana da dokarta dabam tun 1967, ana cire kashi 20, aka rage zuwa kashi 10 a 1998. Sabuwar doka ta haɗe ta da sauran kuɗin shigar mutum, inda naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji, daga nan ma'auni ya yi ta hawa har ya tsaya a kashi 25. Wannan ya sa lissafin ya sauya. Gidan da magada goma sha ɗaya suka mallaka, kowa da kasonsa a rubuce, ba daidai yake a idon mai karɓar haraji da gidan da aka bari da sunan babban wa shi kaɗai ba, domin a na biyu ana iya ɗora dukan ribar a kan mutum guda, ma'auni kuwa ya hau da shi. Ban da waɗannan akwai kuɗin hatimi a kan takardun mallaka, da kuɗin rajista, da kuɗin kotu.

Abin da ake fitarwa kafin rabo

Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan waƙafi da kyauta da wasiyya da gado, muddin mai dukiyar Musulmi ne. A ƙarƙashinta akwai kotunan Shari'a, waɗanda suka gaji kotunan yanki bayan Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000. Littattafan da alƙalai ke komawa gare su su ne dai waɗanda aka sani tun da: Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim.

Jerin da waɗannan littattafai suka shimfiɗa bayyananne ne. Ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya a kan wata kadara takamaimai, kamar abin da aka jinginar, sai likkafani da hidimar jana'iza gwargwadon hali, sai basussuka, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan abin da ya rage ya zama na magada. A ƙauyuka matakin bashi ne ke da wuya. Manomi yakan karɓi jinginar gonar maƙwabcinsa ya shekara goma yana nomawa, har 'ya'yansa su tashi suna ɗauka tasu ce. Wani kuma ya ba Bafillace amanar shanu, ba wanda ya san adadinsu sai su biyu. Sadakin da ba a gama biya ba shi ma bashi ne, haka nan tumakin matar gida da suka gauraya da na maigida ba sa cikin tarika. Aikin farko na mai ba da shawara shi ne ya zaunar da mai dukiya tun yana da lafiya, a rubuta abin da yake nasa, da abin da yake hannunsa amma ba nasa ba, da abin da yake nasa amma yana hannun wani, a gaban shaidu biyu adalai, in da hali da sanin mai unguwa ko dagaci.

Zakka tana da hukunci na musamman da ba kowa ya lura da shi ba. Zakkar shekarun baya da mutum ya yi sakaci da ita, idan a cutar ajali ya yi wasiyya a fitar, to daga sulusi take fita a mashhurin mazhaba, tana cin gurbin sauran wasiyyoyi. Wanda yake so ya bar sulusinsa ga marayu ko makaranta, sai ya sauke zakkarsa shekara da shekara. Masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta, ta yi suna wajen tattara zakka ta hannun kwamitoci tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a 2023. Ya kamata kuma a tuna Malikiyya ba su yarda da dabarar guje wa zakka ba. Wanda ya rarraba garkensa gab da cikar shekara domin kowane kashi ya gaza shanu 30, za a karɓi zakkar a hannunsa kamar bai rarraba ba.

Gona da lissafin rabo

A ɗauka wani manomi a ƙasar Gwaram ya rasu ya bar gona kadada 12 bayan an biya bashi, ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza shida da mata biyar. Asalin mas'alar 24 ne. Matan biyu suna da sumuni, watau kashi 3. Mahaifiya tana da sudusi, kashi 4. Saura kashi 17 na 'ya'ya ne, namiji biyu mace ɗaya. Kowane kashi rabin kadada ne. Ke nan kowace mata ta sami kashi uku cikin huɗu na kadada, tsohuwa ta sami kadada biyu, kowane ɗa kadada ɗaya, kowace 'ya rabin kadada. Gandun da ke ciyar da mutum ashirin ya zama yanki goma sha huɗu a yini guda.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ranar da tsohuwa ta cika, kadada biyun nan za su tafi ga 'ya'yanta da ke raye, watau baffannin yaran da gwaggwanninsu, jikoki kuwa ba su da kome muddin tana da ɗa namiji a raye. Sau da yawa a nan ne zumunci ke tsinkewa, domin yaran suna ganin gonar ubansu ce ta fita gida, alhali hukuncin daidai yake.

Shari'a ta ƙayyade kason kowa, amma ba ta tilasta a sa igiya a yanka ƙasa ba. Magada suna iya barin gonar a haɗe su riƙa raba amfani bisa kasonsu. Suna iya yin sulhu, wani ya ɗauki fadama, wani ya ɗauki shago ko shanu, bayan an yi wa kowace kadara ƙima. Suna iya saye kason wanda yake son kuɗi. Idan kuwa ɗaya ya sayar wa bare kasonsa kafin rabo, sauran suna da haƙƙin shuf'a, watau su biya abin da baren ya biya su karɓe. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne kaɗai, maƙwabci ba shi da shi, kuma yana faɗuwa da zarar an raba an kafa iyaka. Abin da ya wajaba a tsare a duk irin wannan shiri shi ne yardar 'ya'ya mata ta kasance ta gaskiya. Al'adar nan ta cewa wa yana noma wa ƙanwarsa kasonta, ya aika mata da damin gero biyu da kaka, ta sha rikiɗewa ta zama ƙwace bayan shekara ashirin, sa'ad da shaidu suka ƙare.

Dokar Amfani da Filaye ta 29 ga Maris, 1978, ta ƙara wani mataki. Ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana, mutum kuwa haƙƙin zama da amfani yake da shi. Sashe na 24 ya bar gadon wannan haƙƙi ga dokar da ta shafi mamacin ko wurin, saboda haka bai yi karo da shari'a ba. Amma ya ce filin da ke da takardar Gwamna ba a raba shi gida biyu ko fiye saboda mutuwa sai da izinin Gwamna. Sashe na 21 da na 22 sun shar'anta amincewar ƙaramar hukuma ko ta Gwamna kafin a sauya wa fili hannu, sashe na 26 kuma ya ɓata duk cinikin da aka yi ba tare da ita ba. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka mallaki filayensu na birni tun kafin 1978. Hukuncin alƙali yana nuna kason kowa, amma ba ya sauya sunan da ke kan takarda. Wannan aiki ne na ofishin filaye, kuma magada da yawa ba sa yin sa sai ranar da banki ya nema.

Kyauta

Kyauta ce hanya mafi faɗi ga mai son ya tsara dukiyarsa, domin mai lafiya da hankali yana iya bayar da abin da ya ga dama ga wanda ya ga dama, ba tare da iyakar sulusi ba. Ita ce kuma hanyar da aka fi yin tuntuɓe a kanta. A Malikiyya kyauta tana ƙulluwa da furuci, amma ba ta cika sai da hauzi, watau wanda aka ba ya karɓa ya riƙe a zahiri, kafin mai bayarwa ya mutu, ko ya shiga cutar ajali, ko bashi ya kewaye dukiyarsa. Dattijon da ya tara jama'a ya ce ya ba 'yarsa gida, har lauya ya rubuta aka buga hatimi, amma ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, to gidan ya koma tarika. Takarda tana tabbatar da furuci, ba ta zama a madadin hauzi. Idan gona ce, wanda aka ba ya noma ta da sunansa mutane su gani. Idan gidan haya ne, a sanar da 'yan haya su koma biya gare shi. Ƙaramin yaro ne kaɗai uba ke riƙe wa kyautar da ya yi masa, shi ma da sharaɗin kafa shaidu, kuma ban da gidan da uban yake zaune a ciki, sai ya fita daga cikinsa.

Kyautar da aka yi a cutar ajali hukuncinta na wasiyya ne. Ba ta wuce sulusi, kuma idan magaji aka yi wa, sai sauran magada sun yarda. Har ila yau uba yana da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa, muddin ba da nufin sadaka ya yi ba, kuma ɗan bai yi aure ko ya ci bashi bisa dogaro da ita ba. Fifita wasu 'ya'ya a kan wasu abin ƙi ne, ko da kotu ta zartar da kyautar. Mai ba da shawara da aka zo masa da nufin a hana 'ya'ya mata ko 'ya'yan wani ɗaki ta wannan hanya, ya kamata ya faɗa wa mai dukiya gaskiya tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Wasiyya da fayil ɗin ma'aikaci

An taɓa samun ruɗu a kan ko Musulmi yana iya rubuta wasiyya bisa dokar Ingila ta 1837 ya raba dukiyarsa yadda ya so. A shari'ar Adesubokan da Yunusa, Mai Shari'a Muhammadu Bello ya yanke a Babbar Kotu cewa ƙa'idar Malikiyya ce ke binsa, amma Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci a 1971. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi dokokin wasiyya nasu da suka mayar da Musulmi ƙarƙashin shari'arsa, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɓata wasiyyar wani Musulmi a shari'ar Ajibaiye bisa dokar Kwara. Lauya mai hankali ba zai rubuta wa Musulmin Jigawa wasiyyar da ta haura sulusi ko ta ba magaji ba.

Sulusin nan yana da amfani mai yawa. Jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba ya gado tare da baffanninsa. Masar ta magance wannan da dokar wasiyya ta tilas a 1946, nan kuwa sai kakan ya rubuta da kansa. Haka agola, da ɗan riƙo, da barorin gida da suka tsufa a hidima. A cikin wasiyya ne kuma uba ke naɗa wasiyyi wanda zai kula da dukiyar ƙananan 'ya'yansa.

Ma'aikatan gwamnati suna da tasu matsalar. Sunan makusanci da ma'aikaci ya rubuta a fayil ranar da aka ɗauke shi aiki, sau da yawa na ƙane ne ko na uwargida, tun kafin a haifi yawancin 'ya'yan. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne, bai mai da shi mai dukiya ba. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta sa ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 na albashi, ma'aikatarsa kashi 10, tare da inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomin Jigawa kuwa suna da nasu asusun fansho na karo-karo tun farkon shekarun 2000. Abin da ma'aikaci ya tara a asusunsa na magada ne duka, kuma kamfanonin fansho da bankuna ba sa sakin kuɗi sai sun ga takardar izinin kula da dukiya ko hukuncin kotu mai hurumi.

Waƙafi

Abin da ya fi kusa da amanar dukiya irin ta Turawa shi ne waƙafi, wanda malaman Malikiyya ke kira hubusi. Ana tsare asalin kadara, ba a sayarwa, ba a gada, amfaninta kuwa ya tafi inda mai waƙafi ya ambata. Malikiyya sun fi sauran mazhabobi sauƙi a nan, domin sun halatta waƙafi na ƙayyadadden lokaci. Mutum yana iya tsare fadamarsa shekara goma sha biyar domin karatun jikokinsa, bayan nan ta koma ga magada. Sharaɗin hauzi yana nan kamar a kyauta: tilas kadarar ta fita daga hannunsa zuwa hannun naziri tun yana da lafiya, in ba haka ba sai ta koma cikin sulusi ko ta ɓaci. Halil ya ɓata waƙafin da aka yi wa 'ya'ya maza ban da mata, ko da yake wasu malaman baya sun tsaya a kan karhanci.

Raunin waƙafi a wannan yanki na takarda ne. Gonar masallaci ko ta makarantar allo da ba ta da rajista takan narke cikin gonar liman bayan zuriya biyu. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ba da damar yi wa amintattu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, su zama jiki guda mai iya riƙe fili da sunansa, wanda ba ya mutuwa da mutuwar ɗayansu. Ta fuskar haraji kuwa a bambanta iri biyu. Waƙafin alheri na jama'a yana iya samun rangwame a kan kuɗin shigarsa muddin ba daga kasuwanci suka fito ba. Waƙafin iyali ba shi da wannan gata, domin abin da kowane mai amfana ya karɓa kuɗin shiga ne. Takardar waƙafi ta ambaci iyakokin kadarar ta fuska huɗu, da sunan naziri da wanda zai gaje shi, da ladan aikinsa, da kason da za a ware domin gyara kafin a raba amfani, da kuma inda kadarar za ta koma idan zuriyar da aka yi wa ta ƙare.